Lasisin tara tsofaffin bindigogi a Amurka: wa yake yi wa amfani?

Tambaya: Ina zaune a Amurka da takardar zama ta dindindin. Kakana ya yi yaƙin Bama, kuma na daɗe ina sha'awar mallakar irin bindigar da suka riƙe, wato Lee-Enfield. Ina kuma son Martini-Henry, wataƙila da wasu biyu ko uku nan gaba. An ce mini in nemi lasisin masu tara bindigogin tarihi, wanda ake kira C&R. Shin ya cancanci wahalar?

Amsa: Malam, bindigogi biyun nan da ka ambata ba ɗaki ɗaya doka ta ajiye su ba, don haka amsarsu ma ba ɗaya ba ce. Kan Martini-Henry, lasisin ba zai tsinana maka komai ba, domin ba ka buƙatarsa. Kan Lee-Enfield guda ɗaya tak, abin da zai rage maka bai taka kara ya karya ba. Inda maganar take shi ne "wasu biyu ko uku nan gaba" da ka ce. In da gaske kake, kuma jihar da kake zaune ba ta cikin masu tsaurin doka, to ka nema. Amma kada ka yanke shawara don ganin arhar dala 30. Akwai nauyin da ke biyo bayan takardar, kuma shi ne abin da ya kamata ka auna.

Bari in fara da asalin abin. Kafin 1968, Ba'amurke yana iya ganin tallar bindiga a mujalla, ya aika kuɗi, a kawo masa ita har gida ta gidan waya. Ta wannan hanyar aka sayi tsohuwar bindigar sojan Italiya, Carcano, wadda aka harbe Shugaba Kennedy da ita a 1963. Bayan kisan Martin Luther King da na Robert Kennedy a 1968, majalisa ta zartar da dokar da ta toshe wannan ƙofa. Tun daga lokacin, duk bindigar da za ta tsallaka daga wata jiha zuwa wata, sai ta sauka a hannun dillali mai lasisi. A shagonsa mai saye zai cike fom mai lamba 4473, a yau kuma a duba tarihinsa a na'ura, sannan a miƙa masa. Sai dai dokar ta bar wata 'yar taga ga masu tara kayan tarihi. Tagar ita ce lasisin da kake tambaya, mai lamba 03 a jerin lasisin bindiga na gwamnatin tarayya, wanda ATF, hukumar tarayya mai kula da dokokin bindiga, ke bayarwa.

Dokar ta raba bindigogi gida uku. Akwai wadda aka ƙera a 1898 ko kafin haka. Akwai wadda ta zo bayan nan amma ta shiga sahun kayan tarihi. Sai kuma duk sauran, na zamani. Mafi yawan ruɗanin da nake gani a wajen sababbin shiga, daga haɗa gida na farko da na biyu yake tasowa.

Wadda aka ƙera kafin 1 ga Janairun 1899, dokar tarayya ta 1968 ba ta ma lissafa ta a cikin bindigogin da take iko da su. Ba fom, ba dillali, ba lasisi. Mai sayarwa a Texas zai iya naɗe ta ya aiko maka Ohio kamar yadda zai aiko da tsohon agogo. Haka nan irin bindigogin ɗuri, waɗanda ake zuba wa albarushi ta baki a tayar da su da ƙanƙara ko da hula, ko da sababbin ƙira ne, muddin ba sa cin harsashin zamani. Martini-Henry a gida na farkon nan ta faɗo, saboda shekarunta. Sojan Ingila sun karɓe ta a 1871, kuma na asali da aka yi wa gwamnati duk sun riga 1899. Hatta waɗanda aka canza wa baki daga 1895 don su ci harsashin .303, aka koma kiransu Martini-Enfield, in gangar jikinsu, wato ƙarfen tsakiya da ake haɗa baki da katako a kai, ta tsohon zamani ce, to shekarar gangar jikin ake bi. Don haka wanda ya ce maka sai da lasisi za ka sayi Martini, bai san dokar ba. Abu ɗaya zan ƙara: wannan maganar tarayya ce. Wasu jihohi, irin su New Jersey, suna da tasu ƙa'idar, kuma ba sa sakin tsohuwar bindiga haka kawai don ta tsufa.

Tun da muna kan Martini, ga abin da ya fi lasisi muhimmanci a gare ka. Kasuwarta cike take da na jabu. Maƙeran yankin Khyber, a iyakar Pakistan da Afghanistan, sun fi shekara ɗari suna ƙera kwaikwayonta da hannu, har da hatimin kambin sarauta da haruffan Sarauniya Victoria. Sojojin Amurka da suka yi aiki a Afghanistan sun dawo da su da yawa. Za ka ga harafi a juye, ko shekarar da ta wuce 1901 a ƙarƙashin sunan Sarauniyar da ta mutu a 1901. Irin wannan ba a harba ta, kuma in bayan 1898 aka ƙera ta, ba ta ma cikin gida na farko. A ɗaya gefen, a 2003 an kwaso dubban tsofaffin bindigogi daga wata tsohuwar fada a Kathmandu ta ƙasar Nepal, cikinsu har da Martini na asali ƙirar Ingila da kuma ƙirar Nepal ɗin. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a kasuwar Amurka yau daga can suke, da dattin shekara ɗari a jikinsu.

Kuma in har burinka ka kauce wa takarda gaba ɗaya, gida na farkon nan ya fi faɗin yadda mutane ke zato. Mauser samfurin 1895 na ƙasar Chile da ke ɗauke da sunan kamfanin Ludwig Loewe, kafin 1899 aka yi su, domin kamfanin ya narke cikin wani kamfanin makamai na Jamus mai suna DWM tun kafin lokacin. Ƙasar Finland ta ɗauki gangar jikin tsofaffin Mosin-Nagant na Rasha ta sake gina su a zamanin yaƙin duniya na biyu, kuma wasunsu in ka kwance, za ka tarar an buga 1896 ko 1897 a ƙarƙashin wutsiyar ƙarfen. Akwai mutanen da duk abin da suka tara bai wuce irin waɗannan ba, kuma ba su taɓa cike takardar ATF ba.

Lee-Enfield ɗinka kuwa tana gida na biyu. Bataliyoyin Afirka ta Yamma da suka je Bama, runduna ta 81 da ta 82, sun isa Indiya a 1943 da 1944, kuma bindigar sojan Birtaniya a lokacin ita ce mai harsashin .303: ko dai Lee-Enfield samfurin SMLE Mk III da aka fara a 1907, ko kuma No. 4 da ta fara fitowa da yawa a 1941. Duka biyun bindigogi ne cikakku a idon doka, sai dai sun cancanci sunan kayan tarihi. Hanya uku ake shiga wannan sahu. Ta farko, bindiga ta cika shekara 50 da ƙerawa, kuma ba kwaikwayo ba ce. Ta biyu, mai kula da gidan tarihi na gwamnati da ke baje kolin bindigogi ya shaida cewa tana da darajar ajiyewa. Ta uku, darajarta ta samo asali daga ƙarancinta, ko baƙuncin ƙirarta, ko dangantakarta da wani mutum ko wani lamari na tarihi. ATF tana da jerin waɗanda ta amince da su, shi ya sa za ka ga ƙaramar bindiga CZ 82 ta Czechoslovakia, ƙirar shekarun 1980, a cikin sahun tun ba ta kai shekarun ba. Amma wadda ta cika 50 ba ta jiran a rubuta sunanta, da kanta take shiga.

Akwai sharaɗin da ke kayar da mutane a nan. ATF ta tsaya kan cewa tsohuwar bindigar soja tana cikin sahun ne in tana nan yadda aka ƙera ta. Bayan yaƙi, Lee-Enfield ta yi arha ƙwarai a Amurka da Kanada, sai mafarauta suka yi ta saye suna yanke katakon gaba, suna rage tsawon baki, suna huda ƙarfe don ɗora madubin hange. Irin wannan ta tashi daga kayan tarihi ta koma bindigar farauta, kuma mai sayarwa mai hankali ba zai aiko maka ita a kan lasisin 03 ba. Gangar jiki tsirara, ba baki ba katako, ita ma ba ta ciki.

To me lasisin ke ba ka? Yana mayar da kai mai lasisi, amma a kan bindigogin gida na biyu kawai. Kana iya saye daga wata jiha a aiko maka har ƙofar gida, ba sai ta biya ta shagon kowa ba. Kana iya zuwa kasuwar baje kolin bindigogi a wata jiha ka saya ka taho da ita, ko da ƙarama ce ta hannu, wadda wanda ba shi da lasisi ba zai iya tahowa da ita ba. Ba ka cike fom 4473 a kan irin waɗannan, ba a kuma sake duba tarihinka a kowane ciniki, tun da an riga an duba kafin a ba ka takardar. Kuɗinsa dala 30 ne na shekara uku. Dillalin da zai karɓar maka bindiga daga wata jiha kuwa, la'adarsa galibi tana tsakanin dala 20 da 50 a kan kowace ɗaya, a manyan birane ma ta fi haka. Lissafin ba ya buƙatar alƙalami: ciniki ɗaya ya kusan biyan kuɗin lasisin, na biyu riba ne. A kan duk wata bindiga ta zamani kuwa, kai da maƙwabcinka da bai taɓa jin sunan ATF ba daidai kuke.

In ka zauna da tsofaffin masu wannan sha'awa, za su ba ka labarin da zai sa ka ji kamar ka makara, kuma gaskiyarsu ce. Dokar 1968 ta hana shigo da rarar makaman soja daga waje. A 1984 aka sassauta, aka ce waɗanda suka shiga sahun kayan tarihi a bar su su shigo. Ba a jima ba Tarayyar Sobiyet ta wargaje, rumbunan makaman Gabashin Turai suka buɗe. Daga shekarun 1990 zuwa farkon 2010, akwatuna suka yi ta sauka: Mosin-Nagant 91/30 a ƙasa da dala 100, Mauser na Jamus da Rasha ta ƙwace a yaƙi ta ajiye, na Turkiyya, na Yugoslavia, K31 na Switzerland, SKS iri-iri. A wancan zamanin la'adar dillali kan kai rabin kuɗin bindigar kanta, don haka wanda ba shi da lasisi asara yake yi a fili. Wasu kamfanonin kayan gyara ma suna yi wa mai lasisin ragi irin na 'yan kasuwa. Wannan kaka ta wuce. Rumbunan sun ƙare, an rufe ƙofar China tun 1994, takunkumi ya rufe ta Rasha, ragin kamfanoni kuma ya ja baya sosai. Mosin ɗin da ake tallarta kamar gyaɗa yanzu ɗaruruwan daloli ce. In bindiga ta kai dala 700, rage dala 35 ba shi ne zai sa ka yi rawa ba.

Shi ya sa wasu ke cewa lasisin ya mutu. Ban yarda da su ba, kuma dalilina ƙa'idar shekara 50 ɗin nan ce. Ba a kafe ta a wata shekara ba, tafiya take. Bindigar da aka ƙera a 1975 ta shiga sahu a 2025. Ma'ana duk wani abin kirki da masana'antun Amurka da Turai suka fitar a shekarun 1950 da 1960 da farkon 1970 yana ciki: Winchester na kafin 1964 da ake rububi, libarba ƙirar Smith & Wesson da Colt Python na farko-farko, Browning Hi-Power ƙirar Belgium, bindigogin harbin tsuntsu na Remington da Ithaca. Waɗannan ba daga jirgin ruwa suke sauka ba. Daga gidajen mutane suke fitowa, idan tsoho ya rasu magada suka kai kayansa gidan gwanjo. Gidajen gwanjon kuwa suna warwatse a jihohi, kuma mafi yawan cinikin ta intanet ake yi. Wanda ke bin irin wannan kasuwa, lasisin ya fi masa amfani yau fiye da da, domin kowace shekara sabon kaya ke shigowa hannunsa ba tare da ya ƙara ko sisi ba.

Sai dai ka sani ba kowane mai sayarwa ke karɓarsa ba, kuma ba dole a kansa. Shafin da ATF ta tanada don dillalai su tantance lasisin juna bai haɗa da masu lamba 03 ba, don haka mai shagon da bai saba ba sai ya ji tsoro ya ce shi sai dai ya aika wa dillali. Wani kuma bai san ƙa'idar shekara 50 ba, sai ya ce bai ga sunan bindigar a jeri ba. Kamfanonin jigilar kaya ma sun ƙara tsaurara sharuɗɗansu a 'yan shekarun nan, musamman kan ƙananan bindigogi. Don haka kafin ka taya a gwanjo, ka tambaya ko suna aika wa mai C&R. Ba a gardama da mai kaya bayan an buga guduma.

Yanzu ga nauyin. Daga ranar da lasisin ya iso, ka zama mai ajiye littafi. Duk bindigar gida na biyu da ta shigo hannunka, ko saye ko kyauta ko gado, sai ka rubuta ta cikin kwana 15: maƙerinta, wanda ya shigo da ita ƙasar in akwai, samfuri, lamba, girman harsashi, ranar da ka karɓa, da wanda ya ba ka. In ta fita daga hannunka, kwana 7 gare ka ka rubuta wanda ya karɓa, da adireshinsa, da ranar haihuwarsa da irin shaidar da ya nuna in ba mai lasisi ba ne. Ko a shagon unguwarku ka saya ka cike 4473 kamar kowa, in dai ta cika shekara 50, sai ta shiga littafin. Waɗanda ka mallaka kafin lasisin ba sai ka rubuta shigarsu ba, amma ranar da za ka rabu da ɗaya, sai ka rubuta. In aka sace maka ɗaya ko ta ɓace, awa 48 gare ka ka sanar da ATF da 'yan sanda. In za ka tashi daga gidan da ke kan lasisin, sai ka sanar kwana 30 kafin ka tashi. Ga wanda ke haya yana yawan sauya gida, wannan kaɗai ya isa ya sa shi tunani.

Maganar bincike ita ce ke firgita mutane, kuma an fi ƙara mata gishiri. Gaskiya ne ATF tana da ikon duba littafinka da bindigogin da ke cikinsa sau ɗaya a wata 12, ba tare da sammacin kotu ba. Amma dokar ta ba mai lamba 03 zaɓin da ba ta ba dillali ba: kana iya cewa a yi binciken a ofishin ATF mafi kusa, ka kwashi kayanka ka kai musu, ba sai sun shigo gidanka ba. A aikace kuma ba kasafai suke waiwayar masu tarawa ba, dillalai ne suka fi cin lokacinsu. Ranar da ka bar lasisin ya ƙare, littafinka naka ne, ba a ce ka aika musu ba kamar yadda ake tilasta wa dillali. Duk da haka, in kai mutum ne da rasit ba ya kwana a aljihunsa, ka bar wa dillali dala 35 ɗinsa ka huta. Kuskuren littafi a hannun mai lasisi laifi ne, ba mantuwa ba.

Abin da ya fi littafi haɗari shi ne ciniki. Lasisin nan na tarawa ne, ba na kasuwanci ba, kuma an rubuta hakan ƙarara. Ka sayar da wadda ka gaji da ita don ka sayi wadda ta fi ta, wannan halal ne, gyaran abin da ka tara ke nan. Amma ka sayi guda biyar a farashin sari da niyyar sayar da huɗu ka ci riba, ka zama dillali marar lasisi, hukuncinsa kuma yana kai shekara biyar a kurkuku. Dokar da aka yi a 2022 ta ƙara faɗaɗa ma'anar mai kasuwancin bindiga, ta koma duk wanda babban nufinsa neman riba ne, ko da ba da ita yake ci ba. Na san halinmu, ba ma ganin kaya da arha mu ƙyale, kuma ɗan'uwa zai ce tun da ana kawo maka har gida, ka sayo masa ɗaya. Kada ka fara. Littafin da kake rubutawa da hannunka shi ne shaidar da za a karanta a kotu, da ranar saye da ranar sayarwa a jere. Haka nan lasisin bai ba ka izinin yawo da bindiga a jiki ba, bai kuma cire bindiga mai sarrafa kanta daga dokar 1934 da ta tsaurara mallakar irinta ba. Sten ko Thompson ta zamanin yaƙi kayan tarihi ce, amma sai mai rajista, da amincewar ATF, da harajin dala 200.

Jiharka kuma tana iya cinye duk amfanin. Lasisin tarayya ba ya goge dokar jiha. A Texas ko Ohio ko Georgia, yadda na bayyana haka abin yake tafiya. A California sai ka haɗa shi da wata takardar cancanta ta jihar kafin ya yi maka wani aiki, kuma ko da ita ba za a yi ta aiko maka kaya gida yadda ake yi a Texas ba. A New York ƙaramar bindiga sai da izinin jiha, komai tsufanta in dai tana cin harsashin da ake sayarwa. Jihohi da dama sun wajabta duba tarihi a kowane ciniki, wasu sun keɓe masu lasisin 03, wasu ba su keɓe ba, kuma dokokin suna sauyawa kusan kowace shekara. Ka karanta ta jiharka a shafin gwamnatinta, ba a bakin mai shago ba.

Ka ce takardar zamanka ta dindindin ce, to dokar tarayya ta ba ka damar mallakar bindiga da neman wannan lasisi, in ka kai shekara 21 kuma ba ka cikin waɗanda aka haramta wa. Na tsaya a nan ne saboda masu karatu da ke kan bizar karatu ko ta aiki ko ta ziyara: su asali an hana su riƙe bindiga da harsashi, sai 'yan keɓantattun hanyoyi kamar mallakar lasisin farauta, kuma kuskure a nan yana iya jawo ɗauri da kora. Kai ma ka tuna laifin da ya shafi bindiga yana cikin abubuwan da ke sa a ƙwace takardar zama. Abin da ɗan ƙasa zai biya tara ya koma gida, kai yana iya raba ka da ƙasar. Hukumar CMP da ke sayar da M1 Garand na sojan Amurka, wadda take karɓar lasisin C&R a matsayin ɗaya daga cikin sharuɗɗanta, ita 'yan ƙasa kawai take sayar wa.

Kuma ka cire ran kai ta gida. Fitar da bindiga daga Amurka yana buƙatar izinin gwamnati na daban, lasisin 03 bai taɓa wannan ba. A Najeriya kuma, dokar bindigogi ta 1959 ta jera bindigogin soja masu harsashin .303 da 7.62 a cikin haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa ake mallaka. Jami'in kwastan a filin jirgin Kano ba zai tambaye ka shekarar ƙira ba.

Kan Lee-Enfield ɗin kanta, kaɗan zan ce. Dubi wuyan ƙarfen da ke tsakanin gindi da gangar jiki, nan ake buga maƙera da shekara a kan SMLE: Enfield, BSA, Lithgow ta Ostareliya, ko Ishapore ta Indiya. No. 4 kuwa an yi ta a Fazakerley da Maltby da Shirley a Ingila, da Long Branch a Kanada, da kamfanin Savage a Amurka. Ka tabbata lambar da ke jikin sakata ta yi daidai da ta gangar jiki, domin a masana'anta ake daidaita kowace sakata da bindigarta. Wadda aka buga wa haruffan DP, an ware ta ne don fareti da koyarwa, ba a harba ta. Ishapore 2A1 tana kama da SMLE sak, amma ƙirar shekarun 1960 ce mai cin harsashin 7.62, ba ta ga yaƙin duniya ba. In mai sayarwa ya ce wannan ta je Bama, ka nemi takarda. In babu, ka biya kuɗin ƙarfe da katako kawai, domin yawancinsu an sake gyara su a ma'aikata an rarraba wa ƙasashe bayan yaƙi. Kafin ka harba ko sau ɗaya, ka kai wa makanikin bindiga ya auna ta. Tsohon harsashin soja kuma yana barin gishiri a cikin baki, in ba ka wanke da ruwa a ranar ba, tsatsa za ta ci shi.

Neman lasisin ba wuya. Fom ɗin ATF ne mai lamba 7/7CR, kana iya sauke shi daga shafinsu. Masu lamba 03 ba a neman hotonsu ko zanen yatsunsu, kuma ba a turo jami'i ya yi musu tambayoyi kamar yadda ake yi wa mai son buɗe shago. Kwafi ɗaya ka aika wa ATF da dala 30, ɗaya kuma ga shugaban 'yan sandan garinku ko sherif. Sanarwa ce kawai, ba izininsa kake nema ba. Doka ta ba hukumar kwana 60 ta amsa. In takardar ta iso, kada ka sa hannu a kan ta asali. Ka yi kwafi da yawa, ka riƙa sa hannu a kan kwafin duk lokacin da mai sayarwa ya nema, ta asalin kuma ka ajiye ta tare da littafin. Sabuntawa za su aiko maka da fom wajen wata uku kafin shekara ukun su cika, a adireshin da ke kan lasisin.